Munduwar da Ɓarawo Ba Ya Cirewa

Duk wanda ya zauna Makera a shekarun da ake ginin masaƙa a Kakuri, in ka ce masa Sallau Injiniya, sai ya fara dariya tun ba ka kai ƙarshen magana ba. Ni kuwa ba ji na yi ba, gani na yi, don rumfar da nake ɗinki tana kallon maƙerarsa, kuma Allah ya jarrabe ni da sauraron bakinsa tun safe har magariba.

Sallau maƙerin azurfa ne: zobe, 'yan kunne, awarwaro, sarƙa. Hannunsa ba laifi, ya gaji sana'ar wurin ubansa a Zariya. Bakin ne dai ya fi hannun sauri. Ya taɓa yin lebura a Loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa, yana jidar kwal a kwando, bai ko daɗe ba ya bari wai ƙura tana sa shi tari. To tun daga nan fa ya naɗa wa kansa Injiniya. Ka kawo masa zobe ya rage maka, sai ya sa fensir a kunne, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Wannan inci ɗaya ne da ɗigo." Ka tambaye shi mene ne ɗigo, ya ce ba za ka gane ba, sai wanda ya yi aiki da jirgi.

Wata rana sai ga Gwaggo Indo mai sayar da daddawa, tsohuwar da ko 'yan doka suna gaishe ta da ladabi saboda kaifin harshenta. Ta zauna bakin maƙera, ta kwance wani ƙulli, ta fito da munduwar ƙafa ta azurfa, mai kauri, irin wadda ake buɗewa gida biyu a rufe ta da 'yar ƙusa.

Ta ce, "Sallau, buɗe kunnenka. Wannan ta kakata ce, 'yar'uwarta tana gida. Duk 'yar da za a aurar a zuriyarmu, mundayen nan ne ke shiga gaba ran jere. Ran Asabar da la'asar za mu kai jeren jikata Larai Kakuri. Uwar angon, Kande, tana ta yawo da ni bakin famfo wai na sayar da su na ci tun shekarar da malam ya rasu. Ina so ta gan su da idonta, a ɗakin ɗanta, gaban danginta, ta haɗiye maganarta."

"Gwaggo, kin zo inda ya dace."

"Ban gama ba. Ƙusar ce ta cinye, tana zamewa. Ƙusa kawai za ka yi mini. Ka ji? Ƙusa kawai. Zarto bai taɓa hawa munduwar nan ba, kuma ba zai fara a hannunka ba."

Sallau ya dafa ƙirji ya ce, "Ko ƙuda ba zai sauka kanta ba."

Tana juya baya ya sa fensir a kunne. Da na ga fensirin nan na ce a raina, shi ke nan, Allah ya kiyaye.

Ya ƙwala mini kira daga tsallake. "Tela! Ka san abin da ya hana maƙeran ƙasar nan ci gaba? Ƙusar zurawa! Tun zamanin kakanni ƙusar zurawa! Mace ta shiga cunkoson tashar jirgi, ɓarawo ya durƙusa kamar takalminsa ya tsinke, ya zare ƙusa, ya tafi da munduwa. Ni zan yi mata ƙusa mai murɗi, irin notin da ke riƙe ƙafar jirgi. Sai da sufana za a ɗaure, sai da sufana za a kwance. In ta fito, matan Kaduna za su yi layi daga nan har bakin gada."

Na ce, "Ƙusa kawai fa aka ce maka."

"Kai da allura ka saba, me ka sani game da ƙarfe?"

Matarsa Dije, wadda ke tankaɗe a soro, ta leƙo ta ce, "Malam, duk macen da ta sa munduwar taka sai ta riƙa yawo da sufana a lalita ke nan?"

Ya ce, "Sufanar ma ni zan riƙa ƙera musu. Kin ga ciniki biyu."

Dije ta koma ciki tana cewa, "Allah ya kawo mu."

Ya shiga aiki ba ji ba gani. Ya narka azurfa, ya ja waya siririya, ya naɗa ta jikin ƙusa ya like, ya yi wa ƙusar kai mai kusurwa huɗu. Duk wanda ya wuce sai ya tsai da shi ya yi masa bayani. Mai tallan fura ma ba ta tsira ba. Ya aika gida-gida wai ran Asabar da hantsi kowa ya zo ya ga abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa Kaduna.

Mutane kuwa suka zo, don kallo kyauta ne. Maƙwabcinsa George, mutumin Kagoro, wanda shi ne ainihin mai gyaran injin jirgi a Loko, ya zo da ƙaramar sufanar da Sallau ya roƙa aro, matarsa Celina tana biye da shi. Gwaggo Indo ta iso da faifai a hannu, ɗayar munduwar tana kai, an wanke ta tana ta ƙyalli.

Ta ce, "Ina ƙusata? Taron me nake gani?"

Sallau ya hau kan turmi. "Jama'a! Ku matso! Yau ɓarayin tasha za su koma noma!"

"Sallau, ba ni munduwata."

"Gwaggo, minti ɗaya. Abu sai an gwada."

Ya duba ko wata mace za ta miƙo ƙafa, kowace ta ja zane ta rufe tata. Sai gogan naka ya sauko, ya zauna kan turmin, ya naɗe wando, ya fito da ƙwaurinsa mai kama da icen girki, ya rufa munduwar kakar Gwaggo Indo a idon sawunsa. Ya zura ƙusa, ya kama murɗawa da sufana.

George ya ce, "Oga Injiniya, ya isa haka. Azurfa ce fa, ba ƙarfen jirgi ba. Taushi gare ta."

"George, kai gyara kake yi, ni ƙira nake yi. Bari ka ga aiki."

Ya ƙara murɗawa, ya cije leɓe, ya ƙara. Ya miƙe ya yi tsalle, ya girgiza ƙafa, ya ce duk mai jin shi ɓarawo ne ya zo ya gwada. Mahaucin unguwa ya ja, ba ta motsa ba. Aka yi tafi. Sallau ya kumbura kamar zakara, ya ce, "Yanzu ku ga yadda mai ita ke cirewa cikin sauƙi."

Ya sa sufana ya juya. Shiru. Ya juya da ƙarfi. Sai muka ji ƙaris! Wani ɗan abu ya yi tsalle ya faɗa cikin faifan Gwaggo Indo, ya yi 'yar rawa ya tsaya.

Ta ɗauka ta duba, ta ce, "Wannan fa?"

George ya cire hularsa ya sosa kai. "Mama, kan ƙusar ne. Sauran yana ciki."

"To a fito da shi."

"Ba abin da za a kama shi da shi."

Gumi ya karyo wa Sallau, amma bakin nan bai mutu ba. Ya ce, "Wannan ai yana cikin tsarin. Jama'a, kada kowa ya tada hankalinsa. Dije! Kawo sabulu!"

Aka kawo sabulun salo, aka murza. Aka zuba man gyaɗa. Celina ta ruga gida ta kaɗo kuɓewa, ta ce ba abin da yauƙi ba ya fitarwa. Ƙafar Sallau ta koma kamar za a ci tuwo da ita. Mahauci ya riƙe shi ta hammata, George ya kama munduwa yana ja, ni na riƙe turmi. Munduwa ta zo dunduniya ta tsaya cak, don dunduniyar Sallau faɗi gare ta, ga kaushi ga faso. George ya ƙara ƙarfi, hannunsa ya sulluɓe, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kwandon gawayi. Kajin unguwa suka taru suna tsattsagar kuɓewa a yatsun Injiniya.

Gwaggo Indo ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ce, "Azahar ta kusa."

Sallau ya ce, "Af! Na tuna! A Loko, in ƙarfe ya ƙi fita, wuta ake gasa masa ya buɗe. Tela, zo ka yi mini zuga."

Na ce, "Ni? Wallahi ba da hannuna ba."

George ya ce, "Oga, a Loko ba ƙafar mutum a cikin ƙarfen."

Bai ji ba. Ya miƙa ƙafa bisa garwashi yana zuga da hannu ɗaya. Man gyaɗan nan ya fara ƙauri. Gashin ƙwaurinsa ya yi fir ya tafi. Azurfa kuwa ba ta wasa da zafi, nan da nan ta ɗauka. Sai Injiniya ya ƙwala ihu, "Wayyo! Ruwa! Dije, ruwa!" Ya yi tsallen ƙafa ɗaya ya faɗa soro, ya tsoma ƙafar cikin tulun da ya fara cin karo da shi.

Ƙafa ta shiga saboda santsi. Da ya ce zai fito da ita, tulu ya ce ban san zancen ba.

Dije ta tafa hannu. "Innalillahi! Tulun aurena!"

Ya fito waje yana jan tulu a ƙafa, ƙwal, ƙwal, ruwa yana fantsama. Yara suka kwanta a ƙasa don dariya. Gwaggo Indo ba ta yi dariya ba. Ta karɓi taɓarya hannun wata mata, ta auna, ta sauke wa tulu. Ya tarwatse. Ƙafa ta fito ta kumbura suntum, munduwa ta nutse cikin nama kamar da ita aka haife shi.

Dije ta tsuguna tana tsintar katangar tulunta, tana cewa, "Ciniki biyu, an ce. Ga na uku nan."

Sallau ya sassauta murya, ya ce, "Gwaggo, ɗan zarto kaɗan, in like miki yadda ko ke ba za ki gane wurin ba."

"Me na ce maka ran da na kawo?"

"Kin ce ƙusa kawai."

"Sai me?"

"Zarto ba zai hau ba."

"Ashe kunnenka lafiya lau."

Mahauci ya gyara tsayuwa yana wasa wuƙa a tafin hannu, ya ce, "Gwaggo, in ba a yanka munduwa, ai akwai ɗayan abin. Ni kuwa gaɓa ba ta yi mini gardama."

Gwaggo Indo ta dubi ƙafar kamar mai lissafi, ta ce, "Ƙafa biyu gare shi, ko ba haka ba?"

Sallau ya rungume ƙwaurinsa. "Haba Gwaggo! Haba jama'a! Ana wasa da wannan?"

George ya ce, "Mama, akwai hanya. Muna da injin huda a Loko, siriri, zai cinye guntun ƙusar bai taɓa munduwa ba. Sai dai yau Asabar, an tashi tun tsakar rana, an kulle. Gobe Lahadi. Sai Litinin."

"Litinin!" Muryar tsohuwa ta karye, karo na farko da na taɓa jin haka. "In je gaban Kande da munduwa ɗaya? Ta ce ga shi nan, ta sayar da ɗaya ta ɓoye ɗaya? In zama abin nunawa bakin famfo da furfurata?"

Tausayinta ya kama mu, har yara suka daina dariya. Ta share ido da bakin mayafi. Ta dubi faifai, ta dubi ƙafar Sallau, ta sake duban faifai. Sai ta miƙe ta gyara ɗamara.

Ta ce, "A nemo mini amalanke."

Sallau ya ce, "Na me, Gwaggo?"

"Mundaye biyu za su shiga gaban jere yau, yadda suka saba tun kakata. Abin da ya maƙale a ciki, shi ya kai kansa."

"Ni? Cikin kayan amarya? Ni Injiniya guda?"

Dije ta ce, "Gwaggo, in kawo zanen rufa shi?"

"Kawo mai kyau, 'yar nan, biki ne."

Mata suka taru kan ƙafar nan. Celina ta sa dutse ta goge kaushi, wata ta wanke kuɓewa, wata ta shafa toka da lemun tsami a munduwa har ta koma fara sol. Aka kwantar da shi kan amalanke, aka lulluɓe shi da atamfa tun daga kai har gwiwa, aka ɗora ƙafar bisa faifai kusa da ɗayar munduwar. Mahauci ya ce shi zai tura, ko sisi ba ya so.

La'asar na yi aka ɗau hanyar Kakuri. Amalanke a gaba, bayansa mata jere da langa da tasoshi da kwalla a kai, ana guɗa, mai kalangu yana kiɗa. Na rufe rumfata na bi, don irin wannan ba a ba ka labari. Leburorin da ke tasowa daga ginin masaƙa suka tsaya gefen hanya baki buɗe. Wani ya ce, "Kai, wannan amarya ta sha noma!" Wani ya ce, "Allah ya ba angon haƙuri!" Daga cikin atamfa aka ji murya tana cewa, "Jahilai! Gwaji ake yi!" Sai wani ya gane muryar ya ce, "La! Injiniya ne!" Kafin mu kai, rabin Kakuri yana biye da mu.

A ƙofar gida Kande, uwar ango, tana tsaye cikin danginta, ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Sannunku da zuwa. Indo, ina mundayen da ake ta faɗa?"

"Ga su nan gaba, inda suka saba."

Kande ta sunkuya, ta ga munduwa ɗaya kan faifai, ta ga ɗaya da ƙafa a ciki, yatsu suna motsi. Ta ja da baya tana salati. "Wannan kuma wane ne?"

"Mariƙi ne. Ke dai duba azurfa."

"Namiji ba ya shigar mini ɗakin amarya!"

Gwaggo Indo ta ce, "Munduwa kuwa sai ta shiga."

Aka yi cirko-cirko, har dangi suka fara ɗaga murya. Sai Celina ta ce, "Ɗakin ba shi da taga?"

Akwai kuwa, ta katako, tana kallon lungu, tsayinta daidai da amalanke. Aka tura Sallau jikin bango, aka zura ƙafarsa ta taga, aka tara mata faifai bisa akwati daga ciki. Mutum a waje, munduwa a ɗaki. Mata suka jera langa da kwalla kewaye da ita, suka yi guɗa.

Ina leƙe ta gefen tagar lokacin da Kande ta shiga da danginta. Ta ɗaga ta faifan ta auna nauyinta a hannu. Ta ƙwanƙwasa ta ƙafar da zobenta. Ta juya ƙafar dama, ta juya ta hagu kamar mai zaɓen doya, Sallau yana ta "Wash! A hankali, Iya!" daga waje. Ta goga munduwar da bakin zane, ta ƙura mata ido ta daɗe.

Ta ce, "Su ne. Na san zanen nan tun ina yarinya, na gan shi ƙafar uwarki. Indo, na faɗi abin da ban gani ba. Ki yafe mini."

Gwaggo Indo ta ce, "Ƙara faɗa, na baya ba su ji ba."

Kande ta ƙara faɗa da ƙarfi. Guɗa ta tashi har lungu ya amsa. Fuskar tsohuwar nan ta washe, ta zauna bakin gado tana karɓar barka.

Jin guɗa, sai Sallau ya yaye atamfa daga kansa, ya tashi zaune kan amalanke, ƙafa tana cikin taga, ya dubi taron da ya cika lungu. Ka san abin da ya ce? Wallahi ban ƙara ko kalma ba.

"To, jama'a, ku faɗi gaskiya. Tun daga Makera har nan, cikin wannan cunkoso, an sace ta? Wa ya iya cire ta? Mahauci ya kasa, George ya kasa, ni da na ƙera ma na kasa! Duk mai son irinta ta same ni a maƙera. Yanzu a janye ni in tafi gida, aiki na jira na."

Ba wanda ya taɓa amalanke. Sai ga Dije ta ratso taro da tabarma a hammata, buta a hannu, kwanon tuwo a kai. Ta sauke su ɗaya bayan ɗaya kusa da shi, ta ɗora masa fensirinsa a kunne.

Ya ce, "Wannan fa na mene ne?"

Ta ce, "Gwaggo ta ce munduwar da ta shiga ɗakin amarya ba ta kwana a waje. George kuma ya ce sai Litinin. Ci tuwonka, Malam, kada ya huce."